Ƙaramar hukuma ta hana mu gina gidaje huɗu a filinmu na Sidni, mu tafi kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a yammacin Sidni, ƙasar Ostireliya. Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi mun sayi wani tsohon gida, filinsa murabba'in mita 760, faɗinsa ta bakin titi mita 16. Niyyarmu mu rushe shi mu gina gidaje huɗu a jere, mu zauna a biyu mu sa haya a biyu. Wata tara takardarmu tana hannun ƙaramar hukuma, a ƙarshe suka ƙi, suka jero mana dalilai tara. Unguwar tana cikin rukunin R2 na tsarin filaye, wato mai ƙarancin cunkoso. Maƙwabta sun yi ta rubuta ƙorafi, kuma raina yana ba ni cewa ganin sunayenmu ne ya jawo. Mu kai su kotu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa jinkirin ya zama alheri. Na san zafin wannan takarda, domin tsara birane shi ne aikina a wannan jiha ta New South Wales, kuma na sha zama da mutane a ranar da ta iso musu. Ni ba lauya ba ne, amma na rubuta wa masu gini rahotanni, na kuma tsaya ba da shaidar ƙwararre a kotun da kake magana a kai. Don haka zan faɗa maka yadda abin yake tafiya a zahiri.

Kafin maganar kotu, ɗauko takardar ƙin amincewar ka sake karanta ta, wannan karon da biro a hannu, ka nemi kalma ɗaya. Shin a cikin dalilan nan tara akwai wanda ya ce irin ginin da ka nema haramtacce ne a rukunin? Ko kuwa duk suna cewa ne ya yi tsawo, ya cika fili, ya tare wa maƙwabci rana, bai dace da yanayin unguwa ba? Duk shawarar da zan ba ka ta rataya ne a kan amsar wannan tambaya, kuma na ga mutanen da suka zubar da kuɗi masu yawa saboda ba su yi ta ba.

Ga dalili. Kowace ƙaramar hukuma a jihar nan tana da kundin dokar amfani da filaye da ake kira LEP. Tun 2006 gwamnatin jiha ta fitar da salo ɗaya da kowa ke bi, shi ya sa sunayen rukunonin suke iri ɗaya ko'ina: R2 na unguwa mai ƙarancin cunkoso, R3 mai matsakaicin cunkoso, R4 na dogayen benaye. Wanda ya san yadda aka yanka filayen GRA a Kano ko Kaduna, manya-manya, gida ɗaya a tsakiyar kowane fili, ya san tunanin da ke bayan R2. A ƙarƙashin kowane rukuni akwai jadawali mai kashi uku: abin da za a yi ba sai an nemi izini ba, abin da za a yi da izini, da abin da aka haramta. Gidaje uku ko fiye a fili ɗaya, kowanne da ƙofarsa ta ƙasa, doka ta ba su suna nasu daban, kuma salon jiha ya wajabta a yarda da su a R3, amma a R2 ya bar wa kowace ƙaramar hukuma zaɓi. Wasu sun yarda, da yawa sun haramta. Idan taku ta haramta, kuma babu wata ƙa'idar jiha da ta buɗe ƙofar, to kotu ba ta da ikon ba ka. Kotun tana shiga ne matsayin ƙaramar hukumar, ta ɗauki ikonta da iyakokinta gaba ɗaya. Abin da doka ta hana ƙaramar hukuma bayarwa ta hana kotu ma. Komai kyan zanenka, komai ƙwarewar lauyanka, ƙarar a mace take tun daga ranar da aka shigar da ita.

Wanda ya sami kansa a wannan hali hanyarsa ɗaya ce ta neman a sauya rukunin filin ɗungurungum, kuma ba na ba mai fili ɗaya shawarar ya bi ta. Tana cin shekaru, tana cin kuɗi, kuma idan aka ƙi babu ɗaukaka ƙara zuwa kotu a kan cancantar buƙatar.

Sai dai kiɗan ya sauya a 'yan shekarun nan, kuma zai yiwu sauyin ya shafe ka kai tsaye. Gwamnatin tarayya da jihohi sun yi alkawarin gina gidaje miliyan 1.2 cikin shekara biyar zuwa tsakiyar 2029, rabon wannan jiha 377,000. Don cika wannan alkawari gwamnatin jiha ta shiga rage wa ƙananan hukumomi ikon cewa a'a. Daga 1 ga Yuli 2024 an halatta gida biyu a fili ɗaya a rukunin R2 kusan ko'ina a jihar. Daga 28 ga Fabrairu 2025 kuma aka ware cibiyoyin kasuwanci da tashoshin jirgin ƙasa 171, aka ce duk filin R2 da ke cikin tafiyar ƙafa ta mita 800 daga ɗayansu za a iya neman izinin gidajen jere a kansa, ko da kundin ƙaramar hukumar ya haramta. Aka kuma kafa ma'aunai waɗanda idan ka cika su ba a isa a ƙi ka a kan wannan ma'aunin ba. Ga irin ginin da kake so, fili ya kai murabba'in mita 600, faɗinsa mita 12, tsawon gini kada ya wuce mita 9.5, sannan jimillar daɓen ɗakuna kada ta wuce 0.7 na girman filin, wato kashi 70 cikin ɗari.

Mu gwada da filinka. A ce taswirar ƙaramar hukumarku ta ba ka 0.5, wanda ake yawan gani a R2. Rabin 760 shi ne 380. Gidaje huɗu masu ɗaki uku-uku, kowanne a ce murabba'in mita 130, sun tashi 520. Ka haura da 140, kusan kashi 37 cikin ɗari, kuma da wuya ka sami wanda zai yafe maka wannan a unguwar R2. Amma idan filin ya faɗa cikin mita 800 ɗin nan, 0.7 na 760 shi ne 532. Zanen da jiya ya yi wa filin yawa, yau ya shige daidai. Ka lura da abu biyu. Mita 800 ɗin ba a miƙe ake auna su a kan taswira ba, ana bin hanyar da mai tafiya a ƙafa zai bi lafiya, ta gefen titi da wuraren tsallakawa, don haka idan kana bakin iyaka ka biya safiyo ya auna ya sa hannu. Sannan an cire wasu filaye daga wannan rangwame, kamar masu haɗarin gobarar daji ko ambaliya da gine-ginen tarihi. Takardar shaidar fili ta sashe na 10.7, wadda ake saye a wurin ƙaramar hukuma da kuɗi kaɗan, za ta nuna maka yawancin waɗannan.

Akwai kuma wani tarko. Sau da yawa sabuwar ƙa'ida takan zo da sharaɗin cewa takardun da aka shigar kafin ranar fara aikinta za a ci gaba da auna su da tsohuwar. Idan takardarka ta shiga kafin sauyin, ɗaukaka ƙara zai iya ɗaure ka da tsohuwar ƙa'idar da ta kayar da kai, alhali sabuwar takarda za ta ci moriyar sabuwa. A irin wannan yanayi sake nema daga farko ya fi kotu araha, ya kuma fi ta sauri. Wannan ita ce tambayar farko da za ka yi wa lauya, kuma amsarta ba ta wuce zama ɗaya ba.

To, a ce ginin halal ne a rukunin, dalilan tara duk na cancanta ne. Nan kana da ƙofa biyu, kuma agogo ɗaya ne yake buga musu. Dokar tsare-tsare ta 1979 ta ba mai nema wata shida daga ranar da aka sanar da shi hukunci ya ɗaukaka ƙara, a ƙarƙashin sashe na 8.7 da na 8.10. Takardar da ke hannunka dole ta ambaci wannan haƙƙi, ka duba ƙarshenta, ka rubuta ranar a inda idonka zai riƙa gani kullum. Ƙofa ta farko ita ce ka nemi ƙaramar hukumar ta sake duba hukuncinta, sashe na 8.2. Wani jami'in daban ne zai duba, wanda bai gaza na farkon matsayi ba, kuma an yarda ka gyara zanen muddin ginin bai rikiɗe ya zama wani abu daban ba. Kuɗinta kaɗan ne idan aka gwada da kotu. Haɗarinta shi ne lokaci, domin a da sake dubawar dole ta kammala kafin wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika, don haka ka tabbatar da ƙa'idar da ke aiki yanzu. Na san wani bawan Allah da ya miƙa tasa a wata na huɗu, ya zauna yana jira, ana ta ce masa ana kan aiki, har wata shida suka cika. Ya rasa sake dubawar, ya rasa kotun, ya koma farko. Idan za ka bi wannan ƙofa ka shiga cikin makonnin farko, ka kuma shirya takardun kotu a ajiye tun wata na biyar.

A ganina sake dubawa tana amfani ne idan matsalar ƙarama ce, ko akwai rahoton da aka nema ba ka kawo ba. Dalilai tara da tarin ƙorafin maƙwabta alama ce ta cewa ofishin ya riga ya tsaya a kan ra'ayinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce Kotun Filaye da Muhalli, wadda ta fara aiki a 1980, tana zaune a titin Macquarie cikin birnin Sidni. Ƙararka za ta shiga aji na ɗaya. Abin da mutanenmu suka fi kasa ganewa shi ne, a wannan aji ba a tuhumar ƙaramar hukuma da laifi. Babu wanda zai tambayi jami'in me ya sa ya riƙe takardarka wata tara, ko me ya sa bai amsa wayarka ba. Kotu tana ɗaukar buƙatar ne sabuwa fil, ta saurari sababbin hujjoji, ta yanke nata hukuncin a kan ko ginin ya cancanta. Galibi kwamishina ne ke saurare, kuma da yawa daga kwamishinonin nan masu tsara birane ne, ko masu zanen gini, ko injiniyoyi, mutanen da suka iya karanta zane. Wanda ya shiga da ɓacin rai kawai zai fito da shi. Wanda ya shiga da zanen da ya amsa dalilan nan ɗaya bayan ɗaya shi ne yake da rabo.

Bayan ka shigar da ƙara, ƙaramar hukuma za ta kawo takardar da ta jera matsalolin da take gani. Kada ka yi mamaki idan tara sun zama goma sha huɗu, ko wasu sun ɓace, domin ba a ɗaure ta da dalilan farko ba. Daga nan akan sa ranar zaman sulhu a ƙarƙashin sashe na 34 na dokar kotun, kuma a wannan zama ne kaso mai yawa na irin waɗannan ƙararraki suke ƙarewa.

Bari in kwatanta maka ranar, don kada ta zo maka a baƙuwa. Da misalin ƙarfe tara da rabi na safe za a haɗu a bakin filinka, a tsaye a gefen titi. Ga kwamishina da fayil a hammata, ga lauyoyi biyu, ga masana na kowane ɓangare, ga maƙwabtan da suka yi ƙorafi. Su ake fara ba wa dama. A wani zama da na halarta, wata dattijuwa da gidanta ke kudu da filin ba ta yi dogon bayani ba, sai ta ce a biyo ta. Muka bi ta ta lungun gefen gida zuwa bayan gidanta, ta nuna tagar kicin ɗinta, da igiyar shanya, da kujerar roba da take zama a kai da hantsi. Ta ce da sanyi wannan ne kaɗai wurin da rana ke sauka a gidan. Kwamishina ya tsaya daidai inda kujerar take, ya buɗe zanen inuwa, ya ɗaga kai ya dubi inda bangon benen gida na huɗu zai tsaya. Bai ce komai ba, amma duk wanda ke wurin ya san gidan na baya ba zai tsira a yadda yake ba. Da muka koma ɗakin taro, mai zanenmu ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan zanen, ya ɗauki jan biro ya sare saman gidan na baya, ya mai da shi hawa ɗaya mai ɗaki biyu. Bayan 'yan makonni na gyara da musayar zane aka sa hannu a yarjejeniya.

Maganar rana tana ba mutanenmu mamaki, domin mu a gida inuwa muke nema, mai bishiyar darbejiya a ƙofar gida shi ne mai arziki. A nan kuwa rana haƙƙi ce da ake faɗa a kanta. Muna kudu da tsakiyar duniya, rana tana bi ta arewa, inuwa tana faɗawa kudu, kuma watan Yuni shi ne tsakiyar sanyi. Ana zana inuwar gini ne a ranar 21 ga Yuni, daga tara na safe zuwa uku na rana, kuma ƙa'idojin ƙananan hukumomi da dama suna so maƙwabci ya ci gaba da samun kimanin awa uku na rana a falonsa da bayan gidansa. Idan filinka ya miƙe daga gabas zuwa yamma, maƙwabcin kudu zai sha inuwar jeren gidajenka daga farko har ƙarshe, kuma ina kyautata zaton wannan yana cikin dalilanka tara.

Maganar leƙe kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya taso a birnin Kano ko Zariya ya san rigimar da ke tashi idan wani ya ɗora bene tagarsa tana kallon tsakar gidan maƙwabci. Haka take a nan, sai dai da ma'auni. Maganinta ma sananne ne: a ɗaga tagogin sama su wuce tsayin ido, a sa gilashi mai duhu, a juya baranda ta kalli titi, a sa ɗakunan kwana a sama maimakon falo. Waɗannan gyare-gyare ba sa cin kuɗi, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya bari a kai shi gaban kwamishina a kansu ba.

Dalilin da ya fi wuyar kamawa shi ne wanda ke cewa ginin bai dace da yanayin unguwa ba, domin kowa yana iya fassara shi yadda ya so. Amma kotun ta daɗe da shimfiɗa yadda take auna shi. A shari'ar Project Venture da ƙaramar hukumar Pittwater a 2005 an bayyana cewa dacewa ba ta nufin zama iri ɗaya. Gini yana iya bambanta da na kusa da shi a girma da yawan gidaje, ya kuma zauna da su lafiya. Tambayoyin biyu ne: yana cutar da maƙwabta a zahiri, ta hayaniya ko inuwa ko leƙe? Sannan kamanninsa daga titi sun jitu da na sauran? A shari'ar BGP Properties da Lake Macquarie a 2004 kuma kotu ta ce idan rukunin fili ya halatta wani irin gini, to a mafi yawan lokuta ana sa ran za a yarda da wani nau'i nasa, muddin zanen ya kauce wa illar da ba za a lamunta ba. Ma'anar wannan gare ka ita ce, idan gidajen jere halal ne a filinka, gardamar ta koma kan guda nawa da kuma wane fasali. Abin da na ga yana aiki shi ne gidan gaba ya fuskanci titi kamar kowane gida a layin, da ƙofarsa da lambunsa, ya ja baya daidai da na maƙwabta, sauran su ɓuya a bayansa. Abin da ke kayar da mutane shi ne doguwar hanyar mota ta kankare daga titi har katangar baya, da gareji huɗu a jere, babu ko bishiya ɗaya.

Ka kuma bambance nauyin dokokin da aka ce ka saɓa. Ma'aunan da ke cikin LEP, irin tsawon gini da yawan daɓe, doka ce. Wanda ya haura su dole ya rubuta buƙata ta musamman a ƙarƙashin sakin layi na 4.6, ya nuna cewa tilasta ma'aunin a wannan fili ba shi da ma'ana ko ba a bukatarsa, kuma akwai isassun dalilai na tsari da suka sa a yi sassauci. Shari'ar Wehbe da Pittwater ta 2007 ita ce ake komawa gare ta, kuma hanyar da aka fi bi ita ce a nuna manufar ma'aunin ta cika duk da an haura lambar. Rufin da ya haura da rabin mita saboda filin gangare ne, wannan dalili ne. Cewa gida uku ba zai mayar maka da kuɗinka ba, wannan ba dalilin tsari ba ne, kada ma a rubuta shi. Idan wannan buƙata ta yi rauni kotu ba ta da ikon amincewa ko da ta so, don haka kada ka ba wa wanda bai saba rubuta ta ba. Ɗaya kundin kuwa, DCP, mai maganar ja da baya daga katanga da girman lambu da wurin ajiye mota, jagora ne. Ana ba shi nauyi sosai, amma doka ta ce a yi sassauci idan ka kawo wata hanyar da ta cimma manufarsa.

Akwai dalilan da ba su da daɗin ji amma su ne suke kashe ƙara a ɓoye. Babbansu ruwan sama. Idan filinka ya gangara baya, ba zuwa titi ba, ruwan rufin gidaje huɗu dole ya bi ta filin maƙwabcin baya, kuma sai da haƙƙin shimfiɗa bututu a rubuce. Je ka same shi da kanka, da sallama da mutunci, ka yi masa tayin diyya a rubuce, ka ajiye kwafi. Idan ya ƙi, doka ta ba kotu ikon tilasta wannan haƙƙi tare da biyan diyya, amma za a tambaye ka ko ka yi iyakar ƙoƙarinka na neman yardarsa tukuna. Sai bishiyoyi, har da na maƙwabci da saiwarsu ta shigo filinka. Sai yadda mota za ta juya a ciki ta fito da gaba. Sai kwandunan shara, domin gidaje huɗu suna iya tara kwanduna takwas ko fiye a bakin titi ranar kwasa, a faɗin mita 16 da hanyar mota ta riga ta ci wani ɓangare. Kowanne daga cikin waɗannan rahoton injiniya ko masanin bishiya ne yake rufe shi, kuma ya kamata a rufe su kafin ranar sulhu, don a bar wa zaman abin da ke bukatar ciniki na gaskiya.

Yanzu ga abin da ka ce ranka yana ba ka. Ba zan ce maka babu masu irin wannan zuciya ba, ni ma na karanta wasiƙun ƙorafin da suka sa na ajiye takarda na yi shiru. Amma ka sani yawan wasiƙu ba ƙuri'a ba ce. A farkon shekarun 2000 an nemi gina wurin ibadar Musulmi a Annangrove, arewa maso yammacin Sidni. Dubban wasiƙun adawa suka shiga, ƙaramar hukumar Baulkham Hills ta ƙi. A 2003 Mai shari'a Lloyd ya amince da ginin, ya kuma bayyana cewa tsoro ko damuwar da ba ta da tushe na hankali ba abin da za a gina hukunci a kai ba ne, dole a sami hujjar da za a iya aunawa. Har yau ana kafa hujja da wannan hukunci. Don haka ka tattara wasiƙun, ka ware su kashi biyu. Masu maganar irin mutanen da za su shigo unguwa, ka ajiye su gefe, ba za su yi nauyi ba. Masu maganar rana da taga da ruwa da fakin, ka ɗauke su da gaske ko da wanda ya rubuta ba ya ƙaunarka, domin su kwamishina zai je ya gani da idonsa. Ka kuma sani a yankin Sidni, tun 2018, kansiloli ba sa yanke hukunci a kan irin takardarka. Ko dai ma'aikatan ofis ne, ko kwamitin masana mai zaman kansa, wanda akan tura wa takarda idan ƙorafe-ƙorafe daban-daban sun kai goma a yawancin ƙananan hukumomi, ko an haura ma'auni da fiye da kashi goma cikin ɗari. Rahoton da aka rubuta kafin hukuncin ya fi takardar ƙin amincewar bayani nesa ba kusa ba. Nemo shi ka karanta.

Batun kuɗi, gara ka ji shi yanzu. A aji na ɗaya ƙa'ida ita ce kowa ya ɗauki nauyin kansa, ko ka yi nasara ba a mayar maka da kuɗin lauya, sai in ɗaya ɓangaren ya yi abin da bai kamata ba. Za ka biya lauya, da mai tsara birane, da mai zane, da injiniya, wataƙila da masanin bishiya, kuma jimillar takan kai dubun-dubatar daloli ko da an ƙare a sulhu. Idan sulhu ya watse aka tafi cikakken sauraro, masanan ɓangarorin biyu za su zauna su rubuta rahoton haɗin gwiwa, su ba da shaida tare a gaban kwamishina, kuɗin kuma ya ƙaru sosai. Ka tuna masanin da ka biya, a kotu biyayyarsa ga kotu take, ba zai faɗi abin da bai yarda da shi ba don ya faranta maka. Sannan idan ka sauya zane a tsakiyar ƙara, sauyin da ba ƙarami ba, sashe na 8.15 ya wajabta ka biya ƙaramar hukuma kuɗin da ta ɓata wajen nazarin tsohon zanen. Kusan kowa yana biyan wannan, ka sa shi a lissafi tun farko. Doka ta yarda ka tsaya wa kanka ba lauya, amma a gini mai gidaje huɗu ba na ba ka shawarar haka. Idan kuma kwamishina ya yanke hukunci bai yi maka daɗi ba, ɗaukaka ƙara zuwa alƙali tana yiwuwa ne kawai a kan kuskuren doka, ba don ka ga bai auna inuwa daidai ba.

Kai da ƙanenka ku zauna, kafin ku ga kowane lauya, ku yi lissafi uku a takarda: gidaje huɗu kamar yadda kuka zana, gidaje huɗu da na baya ya koma hawa ɗaya, da gidaje uku. Ku ƙara na huɗu ma, gida biyu manya, wanda yanzu halal ne a R2, kuma idan zanen ya cika dukkan ƙa'idojin da aka gindaya wani lokaci ana samun takardarsa ta gajeriyar hanya cikin makonni. A kowane lissafi ku sa abin da filin yake ci muku duk wata yana zaune, na banki da harajin ƙaramar hukuma da hayar da kuke biya a inda kuke. Ku amince tsakaninku a kan mafi ƙarancin abin da za ku karɓa, domin a ɗakin sulhu za a tambaye ku a take, kuma na ga 'yan'uwa biyu da suka fara gardama a gaban lauyan ɗaya ɓangaren saboda ba su yi wannan zama ba.

Idan ka sayo takardar 10.7, ka kuma san ranar da aka shigar da takardarku da nisan filin daga tasha mafi kusa, turo mini su tare da dalili na ɗaya da na biyu kamar yadda aka rubuta su, kalma da kalma. Akasari mafi nauyi ake sawa a sama, kuma daga su zan iya gaya maka ko sabuwar takarda ce ta fi dacewa da ku ko kotu. Ka gaishe da ƙanen naka.